Yadda za ka ziyarci ƙauyen Amish a Amurka ba tare da ka saɓa wa mutanensa ba

Wanda ya hau jirgin ƙasa daga birnin Filadelfiya ya nufi yamma, kafin a cika awa ɗaya da rabi zai sauka a Lancaster, cikin jihar Pennsylvania ta Amurka, kuma tun daga tagar jirgin zai fara hango abin da ya kawo shi: gonakin masara da na taba, manyan ɗakunan dabbobi, doguwar igiyar shanya da aka ja daga barandar gida zuwa can saman ɗakin dabbobi tana ɗauke da baƙaƙen wanduna da shuɗɗan riguna, da manomi a kan garma alfadarai suna jan sa. Miliyoyin baƙi ne ke zuwa wannan gunduma kowace shekara, da yawansu don ganin mutanen da ake kira Amish, kuma kaso mai yawa na baƙin nan suna shiga ƙauyukan ne kamar sun shiga gidan kallo. Abin da ya kamata mai niyyar zuwa ya riƙe tun daga gida shi ne cewa gonar da yake leƙe gidan wani ne, yaran da ke tafiya a bakin hanya 'ya'yan wani ne, kuma babu wanda ya sa malafa ko ya ɗaura doki domin a kalle shi. Matsayi biyu ne kawai baƙo ke da su a wurin waɗanda mutanen suka sani kuma suke maraba da su: mai sayen kayansu, da abokin tafiya a kan hanya. Wanda ya tsaya a kan waɗannan biyun zai ga abubuwa da yawa, wani lokaci ma har a buɗe masa ƙofar gida.

Ka san su wane ne kafin ka tashi

Amish Kiristoci ne daga reshen da ya ɓulla a birnin Zurich na ƙasar Suwizalan a shekarar 1525, wanda ya tsaya a kan cewa ba a yi wa jariri baftisma, sai mutum ya girma ya zaɓa da bakinsa. Saboda wannan ra'ayi, da kuma ƙin ɗaukar makami da ƙin yin rantsuwa, hukumomin Turai na wancan zamani sun kashe da yawa daga cikinsu, kuma labarin wannan tsanantawa yana nan daram a zukatan jikokinsu, shi ya sa har gobe suke taka tsantsan da hukuma da duk wani abin da zai cuɗa su da duniya. A 1693 wani shugabansu mai suna Jakob Ammann ya rabu da sauran 'yan'uwansa a kan yadda za a tsananta horon mai laifi a cikin jama'a, daga sunansa ne kuma aka sami kalmar Amish. Sun fara ƙaura zuwa Pennsylvania a ƙarni na 18, inda William Penn ya kafa mulkin da ya bar kowa da addininsa. A yau babu ƙauyen Amish ko ɗaya a Turai. Yawansu a Arewacin Amurka ya kai wajen 400,000, a jihohi sama da 30 da wasu lardunan Kanada, kuma adadin yana ninkawa kusan kowace shekara 20, domin gida mai 'ya'ya shida ko bakwai ba abin mamaki ba ne a wurinsu, kuma mafi yawan yaran suna zaɓar zama cikin jama'ar idan sun girma.

A gida suna magana da wani karin harshen Jamusanci da ake kira Pennsylvania Dutch, a wurin sujada suna karatu da waƙa da tsohon Jamusanci, Turanci kuwa a makaranta yaro yake ƙwarewa a kansa. Duk wanda ba nasu ba suna kiransa Baturen Ingila, wato mai jin Turanci, ko da daga Kano ko Maraɗi ya fito, don haka kada ka yi mamaki idan ka ji an sa ka cikin wannan jerin.

Mai karatu daga Adamawa ko kudancin Borno yana da wata 'yar dangantaka da wannan tarihi. Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda aka fi sani da EYN, ta samo asali ne daga mishan ɗin Church of the Brethren da suka fara aiki a Garkida a 1923, su kuma 'yan'uwan Amish ne na nesa wajen baftismar manya da ƙin yaƙi, ko da yake coci ne daban, kuma ba sa bin dokokin Amish na tufafi da sufuri.

Ka zaɓi wuri da rana

Manyan matsugunan Amish uku ne: gundumar Lancaster, inda suka haura 40,000, da gundumar Holmes a jihar Ohio, da yankin Elkhart da LaGrange a arewacin Indiana. Lancaster ce ta fi sauƙin zuwa, ita ce kuma ta fi cunkoso da shagunan da suka ari sunan Amish alhali masu su ba Amish ba ne. Idan ka isa, ka bi hanya mai lamba 340 wadda ta ratsa ƙauyukan Bird-in-Hand da Intercourse, sannan ka saki babbar hanya ka shiga ƙananan hanyoyin da ke tsakanin gonaki, domin a can ne rayuwar take. A Ohio ka fara da cibiyar tarihin Amish da Mennonite ('yan'uwansu da suka fito daga reshe ɗaya) da ke kusa da garin Berlin, a Indiana kuma da cibiyar Menno-Hof a Shipshewana. Awa ɗaya a irin waɗannan wurare za ta amsa maka tambayoyin da bai dace ka tare manomi da su yana tsakiyar aiki ba.

Kada ka shirya zuwa ranar Lahadi da niyyar sayen wani abu. Ba sa ciniki a ranar ko kaɗan, kuma kusan kowane allon talla a bakin gona yana ɗauke da wannan sanarwa. Haka abin yake a ranakun ibadarsu, kamar Juma'ar da ke kafin Ista, da Alhamis ɗin tunawa da hawan Almasihu sama, da 26 ga Disamba wadda suke ɗauka Kirsimeti na biyu don ziyarar dangi. Daga ƙarshen Oktoba zuwa Disamba lokacin aure ne a Lancaster, bayan an gama girbi, kuma a ranakun Talata da Alhamis ake yi, saboda haka kana iya tarar da shago a rufe mai shi ya tafi biki. Idan ka ga kekunan doki da yawa sun cika wani fili kusa da gida, to ko sujada ce, ko aure, ko jana'iza, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ake zuwa ba gayyata. Ka rage gudu ka wuce.

A ganina lokacin da ya fi dacewa ga wanda yake son ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da su shi ne daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin gwanjon da ake yi don tara kuɗi wa ƙungiyoyin kashe gobara na sa-kai a garuruwa irin su Gordonville da Strasburg. Ana kiransa gwanjon taɓo, domin ƙasar da ta daskare da sanyi a lokacin take narkewa, fili ya zama laka. A nan ake sayar da dawakai da alfadarai, da kekunan doki, da kayan noma, da barguna masu ɗinkin hannu, kuma kowa ya zo da abin da ya kawo shi, babu mai kallon wani. Ka sa takalmin da ba ka tausayinsa.

A kan hanya

Wannan shi ne wurin da kuskuren baƙo ke iya zama ajalin wani, don haka zan daɗe a kansa. Keken doki yana tafiya ne da gudun da ya kama daga kilomita 8 zuwa 13 a awa. Idan kana gudun kilomita 80 ka hango shi yana gabanka da tazarar mita 150, cikin kusan daƙiƙa takwas za ka iske shi. Hanyoyin gonakin kuwa masu hawa da gangara ne da kwana-kwana, a lokacin da masara ta yi tsayi ba ka ganin abin da ke bayan kwana, don haka ka ɗauka cewa a bayan kowane tudu akwai keke cike da yara. Jikin keken katako ne ko wani abu mara nauyi, ba shi da abin da zai kare na ciki idan mota ta buge shi.

Idan ka iske keke, ka bi bayansa da haƙuri har ka ga gabanka sarai, sannan ka wuce a hankali ka ba shi fili, kada ka koma hannunka sai ka bar mita shida ko fiye tsakaninka da kan dokin. Kada ka danna hon, kada ka taka mai injin ya yi ƙara a daidai kunnen doki. Yawancin dawakan da ke jan waɗannan kekuna irin na tsere ne, wasu ma daga filin sukuwa aka sayo su, kuma duk horon da suka sha suna iya firgita. A mahaɗar hanya ko wurin tsayawa, ka bar tazara, domin keke yakan ɗan koma da baya kafin doki ya ja, kuma mai tuƙin ba ya ganin bayansa sosai. Da dare ka rage hasken fitila idan kuna fuskantar juna. Yawancin kekunan suna da alama mai kusurwa uku mai launin ruwan lemo a baya, da fitilu masu aiki da batir, amma wasu masu tsananin riƙo, irin su rukunin Swartzentruber, ba sa yarda da wannan alama, sai fitilar kananzir da ɗan farin tef mai ƙyalli, kuma ba a hango su sai an matso.

Da safe wajen ƙarfe takwas da kuma wajen ƙarfe uku na rana yara ne ke cika bakin hanya, da akwatunan abincinsu a hannu, a lokacin zafi da yawansu ba takalmi. A Lancaster za ka ga manya da yara a kan wani irin keke mara feda da ake turawa da ƙafa ɗaya, domin dokarsu a can ba ta yarda da keken hawa ba, alhali a Ohio da Indiana ana hawansa. Launin rufin keken doki ma yana gaya maka inda kake: ruwan toka a Lancaster, baƙi a Ohio da Indiana, a wani kwari na gundumar Mifflin ta Pennsylvania kuma akwai mai rawaya da fari da baƙi, kowanne na rukuni daban. Idan ka ga doki a ɗaure a gaban shago, kada ka shafa shi, kada ka ba shi abinci, kuma kada ka ajiye motarka a wurin ɗaure dawakai.

Maganar hoto

Kada ka ɗauki hoton fuskar kowa. Suna kafa hujja da dokar da ke cikin Littafin Fitowa wadda ta hana yin siffa, amma abin da ya fi nauyi a wurinsu shi ne cewa tsayawa a ɗauki mutum hoto nuna kai ne, nuna kai kuwa girman kai ne, wanda a tarbiyyarsu yana cikin manyan laifuffuka. Neman izini ma ba ya warware matsalar, domin ka sa mutum a tsaka mai wuya: ko ya ƙi ya ji ya yi wa baƙo rowa, ko ya yarda ya saɓa wa alkawarin da ya ɗauka ranar baftismarsa. Ɗaukar hoto a ɓoye daga cikin mota kuma ya fi muni, kuma suna lura. Hoton gona daga bakin hanya, ko na kayan da ka saya, babu laifi. Makaranta kuwa ka bar ta gaba ɗaya, kada ka tsaya da mota kusa da ita. Tun bayan ranar 2 ga Oktoba 2006, lokacin da wani ɗan bindiga ya shiga makarantarsu a Nickel Mines da ke gundumar Lancaster ya harbi 'yan mata goma, biyar suka rasu, baƙuwar mota a gaban makaranta tana tayar da hankalin iyaye. Duniya ta yi ta maganar yadda jama'ar suka yafe, har suka je jana'izar wanda ya yi kisan suka yi wa iyalinsa ta'aziyya. An rushe ginin kwanaki kaɗan bayan haka, kuma bai dace baƙo ya tafi neman wurin ko ya tayar da zancen ba.

Ka shiga ta ƙofar ciniki

Ƙa'idar mai sauƙi ce: inda aka kafa allo a bakin hanya an rubuta ƙwai, ko zuma, ko barguna, ko kujeru, an gayyace ka ka shiga. Inda babu allo, gida ne kawai, ka wuce. Idan ka shiga, ka tafi a hankali saboda yara da kaji da karnuka, ka tsaya inda shagon yake, kada ka zarce ɗakin dabbobi ko ka leƙa taga.

Sau da yawa abin da za ka tarar ɗan teburi ne a ƙarƙashin rumfa, an jera tumatir da masara ɗanya da kwalaben jam da burodin gida, kowanne da farashinsa a rubuce da hannu, a gefe kuma ga gwangwani ko ƙaramin akwati mai tsaga. Babu kowa a wurin. Kai za ka ɗauki abin da kake so, ka lissafa, ka saka kuɗin, ka ɗauki canjinka idan akwai. Wani lokaci kuma yarinya 'yar shekara tara ko goma ce za ta fito daga cikin gida, da farar hula mai igiya biyu a kanta da baƙin gyauton aiki a gaban rigarta, ta yi lissafin da fensir a bayan takarda ba tare da ta ɗaga ido sosai ba. Ka zo da tsabar kuɗi ƙanana, domin yawancin irin waɗannan wurare ba su da na'urar karɓar kati. Kada ka yi tayi a kan kayan lambu da abinci, farashin da aka rubuta shi ne farashin. Bargon da ka ga an sa masa ɗaruruwan daloli kuwa, ka duba ɗinkinsa da kyau kafin ka ce ya yi tsada, domin aikin makonni ne ko watanni na allura da zare.

Mu da muka saba da doguwar gaisuwa, ana tambayar gida da iyali da gajiya, muna iya ɗaukar gajeriyar amsarsu a matsayin shariya. Ba haka ba ne. Tarbiyyarsu ce ta rage magana da guje wa yabon baki. Ka yi sallama da Turanci, ka faɗi sunanka da inda ka fito, ba sa amfani da muƙami ko laƙabin girmamawa, sunan yanka kawai ake kira ko da na bishop ne. Idan kai namiji ne kuma akwai namiji a wurin, ka fara magana da shi. Hirar da ke buɗe bakinsu ita ce ta ruwan sama, da amfanin gona, da dabbobi, da farashin madara. Idan ka gaya wa manomin Amish cewa a ƙasarku ma ana huɗa da shanu, ana tara takin gida a kai gona kafin damina, kana iya shafe rabin awa yana yi maka tambayoyi. Ka sa tufafi masu rufe jiki, maza da mata.

Musulmi ya yi hattara da abinci, domin alade yana da yawa a girkinsu. Akwai wani abincin safe da ake kira scrapple, wanda ake yi da ragowar naman alade da garin masara, kuma ɓawon kek ɗinsu, har da sanannen nan shoofly mai baƙin ruwan rake, sau da yawa da kitsen alade ake kwaɓa shi. Ka tambaya kai tsaye, za a gaya maka gaskiya, kuma mutanen da rayuwarsu duka a kan dokar addini take ba za su ga baƙon abu ba don ka ce addininka ya hana ka.

Ka fahimci dokarsu kafin ka yanke hukunci

Baƙo yakan ga Ba'amishe a cikin mota, ko ya ga faifan sola a kan rufin shagonsa, sai ya ce ashe yaudara ce. Wannan rashin sani ne. Babu wani babban shugaba da ke mulkin Amish duka. An kasa su ƙananan jama'o'i na gidaje kamar 20 zuwa 40, kowace da bishop ɗinta, da masu wa'azi, da mai hidima, kuma kowace tana da tsarin dokokinta da suke kira Ordnung, wanda yawanci ba a rubuce yake ba, ana sabunta amincewa da shi sau biyu a shekara kafin Jibin Ubangiji. Ba su ce na'ura zunubi ba ce. Abin da suke aunawa shi ne me za ta yi wa zaman tare. Mota idan mutum ya mallake ta, za ta kai shi nesa da maƙwabtansa duk lokacin da ya ga dama, ta kuma zama abin alfahari, don haka an hana mallaka da tuƙi, amma an yarda a ɗauki hayar direba zuwa asibiti ko biki mai nisa. Wayar lantarki daga kamfanin wuta idan ta shiga gida, talabijin da sauran tarkace za su biyo ta, don haka aka yanke ta, amma firji mai aiki da gas, da fitilar gas ko ta batir, da injin dizal mai sanyaya madara, da injinan kafinta masu aiki da matsin iska, duk za ka gan su a Lancaster. Tarho yakan zauna a wata 'yar bukka a bakin hanya ko a shago, domin kada ƙararsa ta katse cin abinci ko ta maye gurbin ziyara. Tarakta ma akwai a gidaje da yawa, mai ƙafafun ƙarfe, tana aiki a kusa da ɗakin dabbobi, amma gona dawaki da alfadarai ne ke nome ta, abin da ke hana gona girma fiye da ƙarfin iyali ɗaya.

Tufafi ma haka. Namiji yana barin gemu bayan ya yi aure, amma yana aske gashin baki, domin a Turai ta da alamar soja ce. Mace ba ta yanke gashinta, tana rufe shi da hula, ba ta sa zobe ko sarƙa, ko na aure. Yara suna karatu a makaranta mai ɗaki ɗaya har aji takwas, galibi a hannun budurwa daga cikin jama'ar, daga nan sai koyon noma ko sana'a, kuma Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar musu da wannan 'yanci a 1972 a shari'ar Wisconsin da Yoder. Suna biyan harajin kuɗin shiga da na ƙasa da na saye, har da na makarantun gwamnati da 'ya'yansu ba sa zuwa. Abin da aka ɗauke wa masu aikin kansu tun 1965 shi ne kuɗin fanshon gwamnati, domin ba sa karɓa. Tsoho yana komawa wani ɗan sashe da aka gina a jikin gidan ɗansa, a nan zai ƙare rayuwarsa cikin jikoki. Ka kuma sani cewa noma ba shi ne sana'ar mafi yawansu ba a yau, saboda tsadar ƙasa: akwai kafintoci da magina da maƙera, a Indiana kuma da yawa suna aiki a masana'antar motocin da ake kwana a ciki.

Abu ɗaya da Bahaushe zai gane nan take shi ne gayya. Idan gobara ta cinye ɗakin dabbobin wani, ba kamfanin inshora ake jira ba. Kafin toka ta huce an fara share wuri, a tanadi katako, sannan a sa rana maza su taru da ɗaruruwansu da guduma a ƙugu, a ɗaga ginin a rufe shi cikin yini ɗaya ko biyu, mata kuma suna dafa abincin da zai ishi kowa. Kuɗin asibiti mai nauyi ma haka ake haɗa shi. Idan ka ci karo da irin wannan aiki, ka kalla daga nesa, kada ka tare hanyar masu kawo kaya.

Idan an gayyace ka gida

Wannan yakan zo ne bayan an saba, ko ta hannun wani maƙwabcinsu da suka yarda da shi. Akwai kuma iyalai da ke karɓar baƙi cin abinci da kuɗi, ana shirya zuwan tun da wuri. Ka zo a kan lokaci, domin ana tatsar shanu sau biyu a rana, da asuba da yamma, kuma komai na gidan a kan wannan yake juyawa. Kafin a fara ci kowa zai sunkuyar da kai a yi addu'a shiru, babu mai furta komai, har sai maigida ya motsa ko ya gyara murya, haka kuma za a sake yi bayan an gama, don haka kada ka tashi da zarar ka ajiye cokali. Ka ɗebi abin da za ka iya cinyewa, ba a son a bar abinci a faranti. Wayarka ta zauna a aljihu, kada ka miƙa wa yaro ita ya yi wasa.

Da wuya a gayyaci baƙo sujada, amma idan ya faru ka shirya zama. Ba su da ginin coci. Ana taruwa ne Lahadi ɗaya a bar ɗaya, a gidan wani daga cikin jama'ar bi da bi, ana kawo bencina marasa majingina a cikin wata amalanke ta musamman. Maza a gefe ɗaya, mata a gefe ɗaya, kusan awa uku, ba kiɗa, ana rera waƙoƙi daga littafin da aka fara bugawa a 1564, a hankali ƙwarai har waƙa mai baiti huɗu takan ci kusan minti ashirin. Mai wa'azin da za ka gani bai je makarantar tauhidi ba, ba a kuma biyansa. Jama'a ne ke ba da sunaye, a ɓoye wata 'yar takarda a cikin ɗaya daga littattafan waƙa, wanda ya ɗauki mai takardar nauyin ya hau kansa har ƙarshen ransa. Bayan an tashi ana juya bencinan su zama tebura, a ci burodi da cuku da man gyaɗa mai zaƙi da kofi.

Akwai tambayoyin da za ka haɗiye. Kada ka tambayi iyaye game da ɗansu da ya bar jama'a, ko game da ƙaurace wa wanda ya karya alkawarin baftisma, domin ciwo ne a gidaje da yawa, kuma wasu da suka fita sun ba da labarin zafinsa. Kada ka ɗauko abin da ka gani a talabijin game da shekarun samartaka da suke kira Rumspringa, wanda ke farawa a shekara 16. Ga yawancinsu lokaci ne na shiga ƙungiyar matasa, da wasan ƙwallon raga, da taron waƙa a daren Lahadi, da neman abokin aure, suna kwana a gidan iyayensu. Kada kuma ka shiga yi musu wa'azi ko gardamar addini, su ma ba za su yi maka ba.

Idan ka koma gida kana son yin godiya, ka rubuta wasiƙa da hannunka ka aika ta gidan waya. Wasiƙa har yanzu ita ce hanyar zumuncinsu, kuma jaridar The Budget da ake bugawa a Sugarcreek ta Ohio tun 1890 kusan duka wasiƙu ne daga ƙauyuka, na wanda ya haihu da wanda ya karye da yadda masara ta yi. Ka rubuta adireshin daidai da cikakken suna da lambar gida, domin sunayen iyali kaɗan ne, Stoltzfus da King da Fisher da Lapp sun cika Lancaster kamar yadda Miller da Yoder suka cika Ohio, kuma a hanya ɗaya ana iya samun mutum uku masu suna iri ɗaya. Idan za ka haɗa da hoto, ka sa na gonarku ko na shanunku.